Kibiya Mai Kunne Huɗu

Malam Isa maƙeri yana zuga wuta da kansa yana mita, don ɗansa Salisu ya shige ɗaki tun safe wai zazzaɓi, sai ga amalanken jaki ya tsaya a bakin maƙerar. Mai shi ya sauko a hankali kamar tsoho, alhali ko furfura ɗaya ba ya da ita. Ya yi sallama, ya ce sunansa Ashiru, mutumin Gabi ne, ciyawa yake yankowa yana sayarwa a Madarunfa. Wai sha'awar farauta ce ta kama shi, yana so a zaɓa masa kibau irin na ɗan koyo.

Malam Isa ya dube shi sama da ƙasa. Rana ta take, ga zafin wuta, amma mutumin yana lulluɓe da mayafi har wuya. Aka nuna masa tabarma, ya ce tsayuwar ta fi masa. Sai satar kallo yake yi wa Ɗan Baba mai facin taya da sauran 'yan zaman hira da ke kan benci.

Abin bai kwanta wa maƙerin ba. A 'yan shekarun nan da ɓarayin daji ke ƙetaro iyaka, duk mai tambayar makami sai an dube shi sau biyu. Bara jandarmomi suka tafi da wani maƙeri na wajen Safo saboda an ga ƙirarsa a hannun ɓarayi. An sako shi, amma har yau ko lauje ba mai kai masa gyara. Malam Isa ya rantse ba za a yi haka da sunansa ba.

Duk da haka ya zube kaya a ƙasa, don ciniki ba ya ƙin kowa. Ya ɗauki kyauro, karan da ake ɗaura wa ƙarfen kibiya, ya runtse ido ɗaya ya auna miƙewarsa, ya ce ɗan koyo da marar nauyi yake farawa. Ƙarfen kuma ya zama sumul, ba kunne ba dafi, wanda zai ishi zabo da zomo, domin sabon maharbi hannunsa yana riga idonsa. Haka yake gaya wa duk mai koyo, har ɗan cikinsa, illa dai samarin yanzu sai abin da ya fi ban tsoro suke ɗauka.

Ashiru ko kallon sumul ɗin bai yi ba. Ya nuna wata kibiya da haɓa, mai kunne huɗu masu maƙalewa a nama, irin wadda ake yi don gada da gadu. Ya tambayi tsawonta daga tsini zuwa kunnen ƙarshe. Ya tambaya ko kunnuwan a jere suke ko a murɗe. In kyauron ya karye, yaya yawan ƙarfen da ke saura? In ta shiga dabba, ja ake yi, ko turawa, ko tsagawa? Bai tambayi kuɗinta ba, bai tambayi nisan da take ci ba.

Malam Isa ya miƙa masa baka ya ce ya ja tsirkiya a ga ƙarfinsa. Mutumin bai fiddo hannu daga mayafi ba, ya ce sai wani jiƙon. Gumi na bin goshinsa, leɓɓansa sun bushe.

Nan maƙerin ya gama lissafinsa. Yawancin kibau da 'yan sintirin ƙauyuka ke riƙewa daga wutarsa suka fito. Lalle wani ɓarawo ne ya sha kibiya yana kwance a daji, aka turo wannan da tatsuniyar farauta ya koyo yadda ake cirewa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, wato shi za a mayar wawa a cikin maƙerarsa.

"Baba, da za mu keɓe, akwai 'yar magana," in ji Ashiru, murya ƙasa-ƙasa.

"Faɗi nan, ɗana. Duk wanda ka gani wurin nan na gida ne."

Ashiru ya sake satar kallon bencin. 'Yan benci suka fara miƙewa za su tafi, Malam Isa ya tsayar da su da wata hirar banza, sannan ya ƙifta wa Ɗan Baba ido. Shi kuwa ya gane, ya zagaya bayan katanga da salularsa ya kira jandarmomi.

Daga nan sai jan lokaci. Maƙerin ya fiddo kibau na tun zamanin mahaifinsa, yana bayani dalla-dalla, yana jin daɗin wayonsa har cikin ransa. Baƙon ya jingina kafaɗar dama da ginshiƙin rumfa, ya lumshe ido, yana amsawa da kai kawai.

Da aka jiwo ƙugin mota daga kan kwana, 'yan hira suka yi waje don kada a ba su labari. Maƙera ta rage daga Malam Isa sai baƙonsa. Ashiru ya buɗe ido ya ga ba kowa, ya yi hamdala, ya saki mayafin. Rigarsa ta jiƙe da jini har ƙugu, ga guntun kyauro a tsaye a bayan kafaɗarsa ta hagu.

A waje mota ta tsaya, aka soma buɗe ƙofofi.

"Yi maza, Baba, tun ba a shigo ba," ya ce da ƙyar. "In na tahi likita sai an tambayi wanda ya halbe ni. Ina duƙe cikin ciyawa bakin tabki da sassafe, ɗanka Salisu ya ɗauka gada ce, ya sako mini kibiya. Ni na ce mishi ya tahi gida ya kwanta, ubanshi zai cire mini ba wanda ya ji."