Masarar Inna Ta Ƙare a Mahuta

Safiya tana da ɗan fili a bayan gidansu a Mahuta, wanda ta gada a wajen mahaifiyarta, Inna. Ba wani babba ba ne, amma tun tana yarinya shi ke ciyar da gidan. Farar masara Inna ke shukawa, a tsakaninta ga wake, ga rama, ga kabewa. In an yi girbi sai ta zaɓi manyan zangarniyu ta rataye a saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari taɓa su. Irin baɗi ke nan.

Da Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta, sai mijin Safiya, Auwal, ya shigo da irin kamfani a leda da maganin feshin ciyawa.

"Wannan shi ne noman zamani," in ji shi. "Ba noman cire ciyawa da hannu ba."

Safiya ta ɗaga kai ta kalli baƙaƙen zangarniyun da ke saman murhu. Ta sauke su, ta ɓare, ta watsa wa kaji.

Maƙwabciyarta Maman Damaris, 'yar Kagoro ce, ta leƙo ta katanga.

"Safiya, irin Mama kike ba kaji? Kai! Ni ma fa shi nake shukawa, ita ta ba ni."

"To ki yi ta fama da shi," Safiya ta ce tana dariya. "Mu mun waye."

Ranar da Safiya ta yi feshi ana iska. Ta ga iskar na kaɗa maganin zuwa gonar Maman Damaris, inda masara ta kai gwiwa, amma tana sauri ta ɗora girki, ba ta tsaya ba.

Shekarar farko masara ta yi kyau, ba ƙarya. Sai dai ba rama, ba wake, ba kabewa, feshi ya cinye. Ganyen miya ma sai an je kasuwa.

Shekara ta biyu ta shuka daga abin da ta girba, yadda Inna ke yi. Ashe irin leda ba ya maimaituwa. Masara ta fito a tsamure, wata ko goyo babu. Taki kuma ya yi tsadar da ba su iya saye. Yara suka koma cin abinci sau biyu, wani lokacin sau ɗaya.

Da damina ta sake matsowa, Safiya ta cire kunya ta shiga gidan maƙwabciya.

"Maman Damaris, don Allah ki taimaka min da irin Inna, ko da cikin tafin hannu ne."

Maman Damaris ta girgiza kai.

"Ƙanwata, wane iri? Wanda feshinki ya ƙone? Duk abin da nake da shi na zuba a ƙasa a waccan shekarar. Ko zangarniya ɗaya ban cira ba. Na yi shiru ne saboda darajar Mama."

Safiya ta dawo gida ta tsaya a gaban murhu. Ƙusar da Inna ke rataye iri tana nan, ba komai a jikinta. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, tana neman gafarar Allah.

'Yan uwana mata, irin gida amana ce. Ku adana shi, ku raba wa maƙwabta, ku bar ganyen miya ya tsiro a gona. Ranar da kika zubar da irinki, kin miƙa tukunyar 'ya'yanki a hannun mai shago.