Tafin Hannun Aƙilu

Saura kwana tara a ɗaura aurensu Aƙilu ya tare Kulu a bakin rijiyar Ƙofar Dundaye, bayan la'asar. Tun da ya dawo daga kai shanu Ikko yake gudun haɗuwa da ita.

"Kulu, a hwasa auren ga," ya ce, idonsa a ƙasa.

Igiyar guga ta suɓuce mata. "Wata ka gani can?"

Ya buɗe mata tafin hannuwansa. Jajayen tabo sun cika su.

"Tunjere na, mugun ciwon sanyin nan. Likitan Nasara ya duba ni jiya. Ya ce akwai wata sabuwar allura, sai na yi wata shida ina zuwa, kuma bai ɗau alkawarin in warke ba. In na aure ki yanzu, na cuce ki, na cuci ɗiyanki."

Kulu ta daɗe tana kallon hannuwan. Yayarta Atika ce ta faɗo mata a rai, wadda ta binne jarirai uku, mijinta bai taɓa faɗin abin da ke jikinsa ba.

"Inda ka samo shi ban yahe ba tukuna," ta ce. "Amma kai ka hwaɗi. Ka tahi ka gaya ma Baba da bakinka, a ɗaga auren."

"In allurar ba ta ci ba hwa?"

Ta share hawaye da bakin mayafi. "Ka tahi a yi maka ta hwarko, Aƙilu. Don Allah."