Kuɗin Kai Kaya Sau Ɗaya

Yaya Tasi'u, kai ne mai kawo misali a gidanmu. Ko shayi aka zubar sai ka gyara zama ka ce, "Akwai wani mutum." Yau ni zan kawo maka. Ka yi haƙuri da bakina, ban iya jera magana kamar kai ba.

Akwai wata mata mai sayar da kayan abinci a waya. Ba ta da rumfa a kasuwa, hotuna ne kawai: shinkafa, manja, man gyaɗa, taliya. Mutum ya danna abin da yake so, ya biya, mai babur ya kai masa har ƙofar gida. Da ciniki ya ja baya sai ta yi dabara, ta yanka kuɗin kai kaya guda ɗaya a kan kowane saye. Ko sabulu ka saya ko buhu goma, kuɗin ba ya motsi, kuma sau ɗaya ake biya. Matan wata unguwa suka gani, su ma ai ba a fi su dabara ba. Babbarsu ta ce, "To mu sakarkaru ne da kowa za ta biya nata? Ku kawo, a tura da sunana." Aka haɗa kamar adashi. Wannan jarka, waccan rabin buhu, mai jego ta ce a sako mata gero. Ita waya ba ta san nauyi ba. A wurinta saye ɗaya ne, gida ɗaya, sawu ɗaya.

Mai babur ya zo ya tarar da kaya sun kai masa ƙirji. Shi ma ladan sawu ɗaya ake ba shi. In ya raba kayan biyu, man komawa daga aljihunsa zai fito. Ya tsaya, ya kalli kaya, ya kalli taya. Mai sayar da kayan ta leƙo ta ce, "Haba sarkin hanya, ɗan wannan ne zai gagare ka?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ko jaki aka nuna wa wannan sai ya kwanta." Sannan ya ɗaura. Buhu a baya, buhu a kan tanki, jarkoki suna reto dama da hagu, ya ja roba har tana kuka. An yi ruwa da safe. A gangaren gada ya taka birki, taya ta tsaya, nauyi ya ƙi tsayawa. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce man gyaɗa ya malale a kwalta yana ƙyalli, shinkafa ta cika kwata fari fat, kaji suka riga mutane zuwa. Mai kayan ciniki take nema, matan suna tattalin 'yan canjinsu, shi kuma yana jin tsoron man sawu na biyu. Na duba, na rasa mugu a cikinsu. Shi ne Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.

Mai babur ɗin ba sai na faɗa maka sunansa ba, Yaya. Da na je karɓo babur ɗinka na ga sunan da ke jikin buhunan: Tabawa, maƙwabciyarmu. Ita ce Inna ta ba kuɗin man gyaɗa a ɓoye, wai za ta yi maka waina ranar Juma'a, kar ka ji ka hana ta taɓa kuɗinta. Inna ba ta san inda Tabawa ke saye ba. Tabawa ta zo gaisuwar rasuwarka, ta zauna bakin ƙofa, ba ta ɗaga kai ba har ta tafi.

Jiya Inna ta ce mini man nan shiru bai iso ba, in ya zo a soya wainar, a yi maka sadaka da ita. Na ce to. Ban gaya wa kowa ba tukuna.