Faifan Malam Obed

Adawiyya ta sake zazzage jakarta a kan tabarma. Littattafai, biro, man shafawa. Faifan dai babu shi, babu dalilinsa.

Da na waƙa ne, ai da sauƙi. Faifan kwamfuta ne, wato sidi, mai ɗauke da manhajar ƙididdiga, wadda sai da ita za su yi aikin kammala karatu. Kwamfutar ajinsu ta sha gyara, komai ya goge, sai an sake ɗora mata. Malam Obed, mai koyar da su a reshen jami'a na Birnin Kebbi, shi kaɗai ke da faifan. Ranar Juma'a da tafiya ta kama shi, ya damƙa mata.

"Litinin ki kai wa mai gyara. In ya ɓata, ku duka sai baɗi."

Daga nan ta nufi gida, Gulma. Ruwa ya ritsa da ita a tashar Argungu, ta yi ta cusa kaya cikin leda ba ji ba gani. Da isarta ta raba tsaraba: Umma sabulu, babanta Labbo kuma ledar matattun kaset da ya daɗe yana yi mata naci, don zarensu yake ja a gona ya kori tsuntsayen jan-baki. Ya karɓa da rawar jiki ya wuce fadama.

Sai washegari ta lura faifan ba ya nan. Wayyo! Umma ta kakkaɓe ɗaki har ƙarƙashin gado. Adawiyya ta koma tasha, direba ya ɗaga kujeru, ya rantse. Ta koma Birnin Kebbi, a Gwadangaji ƙawarta Judith ta juye akwati. Suka bi shagunan unguwar Nasarawa ɗaya bayan ɗaya neman irin faifan, ko'ina tambayar ke nan: "Wa'azi ko fim ɗin Indiya?" Wani ya ce sai Legas. Legas fa, kamar bayan ɗaki!

Litinin ta wuce. 'Yan aji suka daina amsa gaisuwarta. Ba ta da abin yi, ba ta ma san wanda za ta roƙa ba.

Abu ɗaya ya rage mata, mafi ɗaci: ta faɗa wa tsohon da shinkafarsa ke riƙe da karatunta cewa bana babu kammalawa.

Ta koma Gulma, ta same shi a kan kunyar gona yana dariya shi kaɗai. Shinkafa ta sunkuya, ko tsuntsu ɗaya babu. Wata walƙiya tana ta dukan idonta, ta ɗauka hawaye ne.

"Baba..."

"Bari, ɗiyata, ni za ni fara godiya! Bana ke kinka tsirar da gonag ga. Zaren kaset wasa ne. Amma madubin nan mai rami da kinka sako cikin leda, da almakashi na yanka shi, kowace kusurwa ta samu nata!"