Tafinta a Rugar Ardo Jumare

Malam Abdulhamidu bai cire takalmi ba. Haka ya taka tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙi, ya kafa allonsa mai hoton saniya a gindin tsamiya, ya fara lacca ba ko sallama.

Almu masinja ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara goma sha takwas yana aiki a ofishin dabbobi a Tambuwal, ya yi zama da iyayen gida masu zafi da masu rowa, amma bai taɓa ganin rashin ta-ido irin na wannan ba. Mutumin da kullum safiya yake tara su yana koya musu ladubban aiki: a ƙwanƙwasa ƙofa, a tsaya a miƙe, kada a ci goro a ofis. Ashe ladabin nasa na cikin ɗaki ne.

A shekarar 1963 ne, annobar bushiya tana cin garke cikin mako guda, rugagen yankin Kebbe kuwa sun ƙi kawo shanu a yi musu allura. Shi ya sa aka aiko wani babba daga Sakkwato ya ga yadda Abdulhamidu, malamin dabbobi, zai shawo kansu. Abdulhamidu ya ce shi Bahaushen birni ne, ba ya jin Fulatanci, saboda haka ya ɗauko Almu, wanda ya koyi yaren wajen kakarsa. A mota ya gaya masa a fili: idan rugar Ardo Jumare ta ƙi, laifin harshen tafinta ne, ya ajiye kakinsa. Saura shekara biyu Almu ya yi ritaya, da iyali tara a gida.

Ko a hanya sai da Abdulhamidu ya nuna hali. Da direba ya ɓata bayan Kebbe, ya zage shi tas, ya nuna masa wata 'yar hanyar shanu, wai a taswira ya gani. Suka ɓulla daidai bakin rugar. Ya sauka ya tsallake igiyar maruƙa ba tare da ya duba ƙasa ba, ya toshe hanci da hankici.

Yanzu ga shi yana bubbuga allo da sanda, ya juya wa jama'a baya, fuskarsa wajen baƙon Sakkwato. Rabin maganar Turanci ce. Sauran rabin, da Hausa, gara ma da bai yi ba. Ya ce jahilci ne ke kashe shanunsu, ba cuta ba. Ya ce mutanen da ke kwana da dabba dole hankalinsu ya koma na dabba.

Almu ya juya wajen jama'a. Da Fulatanci ya ce malam yana gaishe su, yana tambayar lafiyar garke da wahalar kiwo. Ya ce allurar sau ɗaya ce, ba ta hana nono, kuma shanun Dogon Daji da aka yi wa bara duk suna nan. Abdulhamidu ya waigo ya harare shi, sannan ya ci gaba da buga allonsa.

Ardo Jumare yana zaune kan buzu, tsoho dogo mai farin gemu. Tun da aka fara bai ɗaga ido ya dubi mai laccar ba. Gefe yake kallo, wajen da maruƙa suke. Da ya yi tambaya kan ranar allura, Almu ya yi wa, kuma bai ce malam ba, bai ce likita ba, sai dai "wancan". Almu ya ce a ransa shi ke nan, fushi ya kai inda ya kai, kaki ya tafi.

Ana tsaka da haka wata tsohuwa ta kawo nono. Ta ba baƙo da Almu a sababbin ƙorai, ta ajiye wata tsohuwar 'yar ƙwarya mai ɗinki a gaban Abdulhamidu. Ya ture ta da bakin takalmi, nonon ya malale kan tabarma, ya ce wa baƙon da Turanci irin wannan ƙazantar ce suke yaƙa. Wannan kam Almu bai fassara ba.

Can Ardo ya ce, har yanzu yana kallon gefe, ranar Laraba za a kawo shanun duka, na rugarsa da na rugage huɗu da ke bin maganarsa.

Baƙo ya yi rubutu a littafinsa, ya jinjina wa Abdulhamidu hannu. Suka nufi mota suna dariya, aka bar Almu ya naɗe allo. Harshensa ya ceci shanu, ya ceci tuwon gidansa, ko da ba wanda zai taɓa sani.

Tsohuwar tana durƙushe tana goge 'yar ƙwaryar da gefen zanenta. Ya matsa ya ba ta haƙuri da Fulatanci. Da Hausa ta amsa masa.

"Ka wahal da bakinka, ɗan kirki. Kebbe muka saida nono, duk mun ji abin da yac ce."

Almu ya tambaye ta, to me ya sa Ardo ya yarda, alhali don fushi ko kallon malam bai yi ba, ko sunansa bai kira ba?

Ta kifa ƙwaryar a cinyarta.

"Ba fushi ba na. Mu nan, uba bai kallon ɗan farinai cikin mutane, kuma bai kiran sunanai."