Unguwarzoma da Hawainiyar Malam

Tunda kin ce ke kin iya jinya, bari in ba ki misali. Akwai wata tsohuwar unguwarzoma da rabin unguwarsu a hannunta suka faɗo duniya. Mijinta Malam ya rasu ya bar mata gida da bishiyar lemun tsami a tsakar gida, a kan bishiyar kuma akwai hawainiya da ya shekara uku yana kiwo. Mutane suna ƙyamarta, shi kuwa kullum da hantsi sai ya zauna yana kallonta tana kama ƙuda. Tsohuwa ba ta taɓa sonta ba, amma ita kaɗai ce mai rai da Malam ya bari a gidan. Wata safiya ta same ta a ƙasa, ta yi baƙi, idanu sun faɗa. Ta ɗauke ta da gefen zani ta ce, "Sanyi ne ya kama ki, 'yar nan. Kin zo gidan magani." Ta yi mata abin da ta shekara arba'in tana yi wa masu jego. Ta shigar da ita ɗaki, ta rufe taga, ta kawo kaskon garwashi. Ta dafa ruwa da ganyen darbejiya ta gasa mata jiki. Ta dama kunun kanwa, ta buɗe mata baki da tsinke tana ɗura mata. Ta ajiye mata ruwa a kwano, hawainiya ko kallonsa ba ta yi ba. Kwana huɗu ana wannan hidima, a na biyar hawainiya ko yatsa ba ta iya riƙewa.

Sai ta sa ta a kwando ta kai wa likitan dabbobi, tana lissafa masa abin da ta yi dalla-dalla, tana jiran yabo. Likita ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya juya hawainiya, ya ga ƙuna a cikinta, ya ga kunu ya daskare a bakinta har wurin ya kumbura. Ya ce, "To, Baba, saura suna da yankan rago." Ya wanke bakin da auduga, ya shafa wa ƙunar magani, ya ba ta wani na ɗigawa sau ɗaya a rana. Sannan ya ce ƙishirwa ce ta fara kayar da ita, domin hawainiya ba ta shan ruwan kwano, sai wanda ta lasa a jikin ganye. A mayar da ita kan reshenta ta sha hantsi, a yayyafa wa ganyen ruwa safe da yamma, a sako mata fara mai rai, kuma a daina taɓa ta. Tsohuwa ta ce, "Shi ke nan? Ba gashi, ba kunu?" Ya ce kunun ita tsohuwa ta sha abinta.

Wannan ce jinya mafi wuya da ta taɓa yi. Ta tsoma sabuwar tsintsiya a ruwa ta yayyafa wa lemun, ta ɗiga magani, sannan ta koma kan tabarma ta zauna a kan hannuwanta don kada su je ga hawainiya. Macen da ta saba ba da umarni a ɗakin haihuwa, ga ta tana bin fara a bayan katanga da murfin kwano. Kwana tara babu wani labari. Ran na goma hawainiya ta yi kore, ta juya ido ɗaya ta dubi tsohuwa, ɗayan yana kan fara, ta harba harshe ta haɗiye. Tsohuwa ta kurɓi kununta ta ce, "Halin maigidanki sak, ko sannu babu."

Da hawainiya ta ƙara kwana biyu a ɗakin nan, da ƙauna ce ta kashe ta. Shi ya sa Hausawa suka ce, abincin wani gubar wani.