Jajayen Ƙyallaye

Karo na uku ke nan muka ɓullo gindin dutsen nan mai kallon teku. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, jirgin ruwan ƙarshe kuma ƙarfe huɗu zai bar tsibirin.

"Shugaba, ko giyar shinkafar ce ta fara aiki?" in ji wani daga baya. Ba wanda ya yi dariya.

Shekara talatin tsohon shugaban namu yana jan ƙungiyarmu ta masu hawan dutse a tsaunukan tsibiran Tongyeong, bai taɓa ɓatar da mu ba. Yau sai dube-duben rassa yake, yana neman jajayen ƙyallayen da ake ɗaurawa don nuna hanya.

"Nan suke fa," yake ta cewa. "Kullum nan suke."

Na koma wajen matarsa, wadda ke ɗingishi a ƙarshen layi. "Yaya, wai me ke faruwa ne?"

Ta buɗe aljihun rigar sanyinta. Cike yake da jajayen ƙyallaye.

"Shekara biyu ke nan da hanya ta fara ɓace masa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Duk jajibirin tafiya nake zuwa a ɓoye in ɗaura masa su a rassa. Jiya gwiwata ta ƙi."